Murabus ko Tuɓewa? Amsar Tambayoyinku kan Sarkin Japan Akihito

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto yana cewa: "Malam, barka da ƙoƙari. Na ji wasu na cewa Sarkin Japan Akihito ya sauka daga mulki a 2019, wasu kuma na cewa murabus ya yi. Wanne ne daidai? Kuma me ya raba murabus da tuɓewa?"

Ɗana, murabus ya yi, kuma ba wata kalma da ta fi ta dacewa. Murabus shi ne mai sarauta ya ajiye rawani da kansa, yana raye, a naɗa wani a gurbinsa. Tuɓewa kuwa daga sama take saukowa. Shi ya sa muke cewa "ya yi murabus" amma "an tuɓe shi": na farko aikin mutum ne, na biyu aikin da wasu suka yi masa. An tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1996. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya ya yi murabus a 1963 ya koma Azare, kodayake matsin gwamnatin Jihar Arewa ne ya kai shi ga hakan. Irin wannan ne ya sa kalmar ta yi ɗaci a kunnen mutanenmu, har wasu ke ɗaukar murabus tamkar tuɓewa ce da aka yafa wa alkyabba. Ainihin ma'anar ba haka take ba, kuma labarin Akihito ya nuna ta fes.

An haife shi ranar 23 ga Disamba 1933, ya hau gado a Janairun 1989 bayan mutuwar mahaifinsa Hirohito. Tsufa ya zo masa da rashin lafiya: an yi masa aikin ciwon daji a 2003, aka yi masa na zuciya a 2012. To amma dokar gidan sarautar Japan ba ta tanadi murabus ba, sarki sai dai mutuwa ta raba shi da gado. Tsarin mulkin ƙasar kuma ya hana shi sa baki a harkar siyasa, don haka ba shi da damar fitowa ya ce a canja doka. Ranar 8 ga Agustan 2016, yana da shekara 82, ya yi wa jama'arsa jawabi ta talabijin. Bai ambaci murabus ba. Ya dai nuna damuwarsa cewa ƙarfinsa na raguwa, kuma yana tsoron ranar da zai kasa sauke nauyin da ke kansa yadda ya kamata. Wannan shi Bahaushe ke kira hannunka mai sanda, kuma jama'a sun gane. Majalisa ta yi doka ta musamman dominsa a Yunin 2017, ya ajiye sarauta ranar 30 ga Afrilun 2019, washegari ɗansa Naruhito ya hau. Rabon da wani sarkin Japan ya yi haka tun 1817. Ba wanda ya tura shi, hasali ma shi ne ya jira kusan shekara uku kafin a ba shi hanya.

"Sauka daga mulki" kuwa ban yarda da ita ba a nan, domin mutum ba ya sauka daga abin da bai hau ba. Sarauta daban, mulki daban. Sarauta matsayi ce da gado da girma; mulki shi ne ikon yanke hukunci da zartar da shi. Tun da tsarin mulkin 1947 ya fara aiki, sarkin Japan alama ce ta ƙasa da haɗin kan jama'arta, mulki yana hannun majalisa da firayim minista. Masu rubuta labarai da Hausa su riƙa kula da wannan, don haɗe kalmomin biyu yana ɓatar da mai sauraro.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta tambaya: "Malam, na ga hoton sarkin da matarsa sun durƙusa gaban mutanen da bala'i ya raba da gidajensu. Ko zan iya ba ɗalibaina wannan a matsayin misalin karin maganar nan, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne?"

Malama, na fahimci abin da ya ja hankalinki, amma ina ba ki shawara ki nemi wani misalin. Ana yin wannan karin magana ne ga wanda ya ƙasƙantar da kansa gaban wanda bai kai shi ba, galibi don wata buƙata ko don a zauna lafiya, ana lallashinsa cewa ba abin da ya ragu a jikinsa, in ya miƙe da tsawonsa zai miƙe. Wato a cikinta akwai ganin cewa wancan ɗin wada ne. Ban ga dacewar a kira mutanen da suka rasa 'yan'uwa da muhalli da wannan suna ba, ko da a cikin karin magana. Abin da kika gani sunansa tawali'u, ko ƙanƙan da kai.

Sai an san gidan da ya fito sannan a gane nauyin durƙuson. Kafin 1945 ana koya wa yaran Japan cewa sarkinsu tsatson allahiyar rana ne. Yawancin mutanen ƙasar ba su taɓa jin muryar Hirohito ba sai ranar 15 ga Agustan 1945, da ya sanar da miƙa wuya ta rediyo. Akihito na da shekara 11 a lokacin, an fitar da shi daga Tokyo saboda ruwan bama-bamai. Shi da kansa an raba shi da iyayensa tun yana ɗan kimanin shekara 3, bisa al'adar fada, masu reno suka tashe shi. Da ya girma sai ya auri Michiko Shoda a 1959, 'yar wani mai kamfanin fulawa wadda ba jinin sarauta ba, abin da yarima mai jiran gado bai taɓa yi ba, kuma suka riƙe 'ya'yansu a gabansu. A 1991, da dutsen Unzen ya yi aman wuta, suka je wurin waɗanda aka kwashe, suka sa gwiwa a ƙasa suna magana da su ido da ido. Haka suka yi bayan girgizar ƙasar Kobe a 1995, da kuma bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 2011. Ya kuma je Saipan a 2005 da Palau a 2015, inda aka gwabza a Yaƙin Duniya na Biyu, don tuna waɗanda suka mutu a kowane ɓangare. A ganina mutum ne da ya ɗauki nauyin yaƙin da aka yi da sunan mahaifinsa, ya yi ta yawo da shi tsawon sarautarsa.

Tambaya ta ƙarshe daga wani dattijo ne a Kumasi: "Malam, sarki goma zamani goma, shin ana nufin kowane sarki da halinsa ne, ko kuwa kowane zamani da irin sarkinsa?"

Baba, Allah ya ƙara girma. Duka biyun suna ciki, amma na farko ya fi ƙarfi a bakin masu magana. Ana faɗinta idan sabon shugaba ya zo da sabon tsari, a tuna wa mai ƙorafi cewa abin da aka saba jiya ba lallai ya dore yau ba. Japanawa sun mayar da wannan tunani lissafin kalanda. Tun 1868 kowane sarki da sunan zamaninsa guda: Meiji daga 1868 zuwa 1912, Taisho zuwa 1926, Showa na Hirohito zuwa 1989, Heisei na Akihito zuwa 2019, sai Reiwa da ake ciki. Har yau ana rubuta shekara da waɗannan sunaye a takardun hukuma, kuma bayan sarki ya mutu da sunan zamaninsa ake kiransa, shi ya sa a can Hirohito ya zama Sarki Showa.

Sai dai rayuwar Hirohito ta nuna inda karin maganar ke da iyaka. Ya shekara 62 a kan gado, kuma zamani biyu ya gani a ƙarƙashin suna ɗaya: na sojoji da mamaye ƙasashen maƙwabta har zuwa 1945, da na bayan yaƙi, inda ya zama sarki marar mulki mai nazarin halittun ruwa. A nan zamani ne ya juya sarki, kuma ma'ana ta biyu da kuka kawo ita ce ta yi aiki. In ana son karin maganar da ta fi kama wannan hali, sai a ce zamani riga ne.