Tambaya da Amsa: Island, Eko ko Idumota, a ina zan ce a sauke ni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sayar da leshi da atamfa a gida. Kullum a Kantin Kwari nake saro kaya, amma bana ina so in je Legas da kaina. Ƙawata ta ce kasuwar Balogun tana "Island". Ƙanen maigidana ya ce a Idumota take. Wani tsohon direba kuma ya ce in na ce Eko kawai za a kai ni. Kaina ya ɗaure. Maganar wa zan bi? Daga wata mai karatu, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a nema. Su ukun babu wanda ya yi miki ƙarya, wuri ɗaya suke nufi, sai dai kwatancen wani ya fi na wani amfani a bakin tasha.

Asalin Legas wani ɗan tsibiri ne da Yarbawa ke kira Eko, wanda iyayenmu fatake suke cewa Ikko. Turawan Fotugal ne suka raɗa masa Lagos. Da gari ya faɗaɗa, aka kuma ƙirƙiro jiha a 1967, sai sunan Legas ya game ko'ina, har Agege da Ikeja, shi kuwa tsohon tsibirin aka koma ce masa Lagos Island, kuma sunan ƙaramar hukumarsa ke nan a takarda. A cikinsa akwai Isale Eko, tsohuwar unguwa inda fadar Oba, sarkin Legas, take, akwai Idumota, akwai titin Marina da tashar mota ta CMS, akwai Balogun da kike nema.

Kalmar da nake ji miki tsoro ita ce ta ƙawarki. A yau in mutumin Legas ya ce "Island", yana iya nufin Victoria Island, ko Ikoyi, ko ma Lekki, unguwannin bankuna da manyan otal, waɗanda ba a cikin ƙaramar hukumar Lagos Island suke ba. Kika faɗa wa mai tasi haka kika yi shiru, yana iya wucewa da ke can, ki biya kuɗi mai yawa, sannan ki dawo baya cikin cunkoso, ga kuɗin sari a jikinki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga baƙuwa.

Ni maganar ƙanen maigidanki zan bi. Motocin haya masu ruwan ɗorawa, da ake kira danfo, sunan tasha suke kira, kuma za ki ji kwandasta ya maƙale a ƙofa yana ta "Eko Idumota! Eko Idumota!" Ita za ki shiga. Idumota tana daidai gindin gadar Carter, wadda aka fara ginawa a 1901, tana haɗa tsibirin da Iddo. Da kin sauka kin shiga kasuwa ke nan, don tsakanin Idumota da Balogun tafiyar ƙafa ce. In motar CMS kika samu, ita ma ba laifi, za ki shigo ta ɓangaren Marina ki taka kaɗan. Ta Obalende kuwa za ta ajiye ki nesa da inda kike so.

Ki sani Balogun ba ta da ƙofa ɗaya da za ki ce kin iso. Tituna ne da lunguna, shago kan shago har saman bene, masu ɗaukar kaya a ka suna ture mutane. Saboda haka ki riƙe alama guda: babban masallacin Juma'a na Legas, mai dogayen hasumiyoyi, a kan titin Nnamdi Azikiwe. Kowa ya san shi, kuma a nan za ki yi sallar azahar, ki kuma samu 'yan uwa Hausawa da za ki yi wa tambaya.

Kafin ki bar Gusau, ki sa ƙawarki ta turo miki sunan titi, da sunan bene, da lambar shagon dilan da take saye a wurinsa, ki rubuta a takarda ban da wanda ke cikin waya. In a Agege ko Idi-Araba za ki sauka, ki nemi wata daga gidan da ta saba da kasuwar ta raka ki ranar farko, ku fita da sassafe tun hanya ba ta cushe ba. Allah ya kai ki lafiya, ya dawo da ke lafiya.