Amsa kan sadakar arba'in ta mahaifinka

Ɗana, na ga tambayarka cewa tsofaffin abokan aikin mahaifinka na sojan ruwa suna son halartar sadakar arba'in a Agege, su yi jawabi a kansa, kana kuma tsoron kada hakan ya saɓa wa al'adarmu. Ka bar su su zo, amma ka ba kowane abu lokacinsa.

A wurinmu ana zaman makoki kwana uku, sannan wasu gidaje su yi sadakar bakwai da ta arba'in. Akwai malaman da ba su yarda da ware waɗannan ranaku ba, don haka duk ɗan'uwan da ya ƙi zuwa kada ka riƙe shi a zuci. Abin da ake yi shi ne karatun Alƙur'ani da addu'a da rabon waina ko gumba, ba tare da anko da makaɗa irin na wasu maƙwabtanmu a nan Legas ba. Idan liman ya shafa fatiha, sai a shimfiɗa wa sojojin tabarma a ƙofar gida su faɗi abin da suka sani.

Kuma sun san abin da ku ba ku sani ba, domin yayana ba mai yawan magana ba ne. Mutumin da ya tashi a garin da rafi ke ƙafewa da rani, shi ne ya ƙare ƙuruciyarsa a sansanin Apapa, yana cikin waɗanda jiragen ruwa suka kai Laberiya a 1990 ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Ku sa yara su zauna kusa, wani kuma ya rubuta abin da aka faɗa. Batun busa kakaki da ajiye furanni irin na sojoji kuwa, yana da ranarsa, wato 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, wadda ta dace da ƙarshen yaƙin basasa a 1970.

Mahaifiyarka tana takaba har wata huɗu da kwana goma, saboda haka gaisuwarsu ta tsaya daga zaure. Kafin su watse, ka tambaye su ko akwai mai bin marigayi bashi, domin biyansa yana gaban rabon gado, ka kuma roƙi shugabansu ya nuna maka takardun da hukumar fanshon soja da ke Abuja take nema daga magada.

Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri.

Baffanka