Amsar Anti Nas ga Maman Ilham: tumbin Malam ya faɗa, nawa ya ƙi motsi

Salamu alaikum 'yan gida. Maman Ilham, tun la'asar na ji muryarki, ina bakin aiki ne. Kin ce wata biyu ke nan ke da maigida kun bar tuwon dare, shi har wando na zame masa, ke kuwa sikeli ko gezau. Wallahi ba ke kaɗai ba ce, kuma ba sammu aka yi miki ba, hahaha.

Kin ga, namiji ya fi mu tsoka, ita kuwa tsoka ko mutum na kwance cin abinci take. Shi ya sa ake ƙiyasta namiji na buƙatar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 2,500 a yini, mace wajen 2,000. Ku ci masa goma-goma, ke ce za ki tashi da ajiya. Sannan kitsen namiji a ciki yake taruwa, ya zagaye hanta da hanji, kuma da an rage ci shi ke fara narkewa. Amma fa shi ne mugun, shi ke janyo ciwon suga da hawan jini. Namu kuwa sinadarin jikin mata da ake kira istirojin ke kai shi ƙugu da cinya, guzurin goyon ciki da shayarwa ne, jiki ba ya sakinsa da arha. Sai al'ada ta ɗauke, tsakanin shekara 45 zuwa 55, ya fara komawa ciki irin na maza. Ni nan nake yanzu, zannuwana ne shaida.

Abin da ya tayar min da hankali, kin ce za ki koma shayi safe da dare. A'a ƙanwata. Mace mai al'ada na buƙatar sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke yin jini da shi, miligiram 18 a rana, namiji 8 kacal. Kika yi wa kanki wannan horon, jiri zai kwashe ki a tsakiyar Kasuwar Wunti. Ga shi shayin ma tare ƙarfen yake in an haɗa shi da abinci. Ci wake, zogale, ɗan nama ko hanta, ki rage malmala, ki bar lemon kwalba.

Ajiye sikelin nan, ki aro tef ɗin tela ki auna daidai cibiya. Mace in ta wuce santimita 80, namiji 94, a kula. Ki auna Malam ma, mu ji ko zai ci gaba da yi miki dariya. Bari in je, ana kirana.