Tambaya da Amsa: Yaya ɗan shekara 56 ya zama zakaran duniya a wasan mirgina ƙwallo?

Tambaya: Assalamu alaikum. A lokacin wasannin ƙasashe rainon Ingila na ga wasu a talabijin suna mirgina ƙwallaye a kan ciyawa, ba gudu ba tsalle, wasunsu har da furfura. Shin wannan ma gasa ce ta gaske? Akwai wanda ya yi suna da ita?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Gasa ce ta gaske, malam, kuma in ana batun wanda ya yi fice a cikinta, sunan David Bryant ne ke fara zuwa bakin masu wasan.

Bari mu fara da wasan kansa, don sai ka san wahalarsa za ka ga girman mutumin. Ana fara mirgina wata 'yar ƙaramar ƙwallo da ake kira jak, sai kowa ya yi ƙoƙarin ƙwallonsa ta tsaya kusa da ita. A karawar mutum biyu kowa na da ƙwallo huɗu, kuma yawanci wanda ya riga kai maki 21 shi ya ci. Abin da ido ba ya gani a talabijin shi ne ƙwallon ba ta tafiya a miƙe. An ƙera ta gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya, don haka da ta fara rage gudu sai ta karkata. Dole ɗan wasa ya saki ƙwallon can gefe, ya auna ƙarfin hannunsa, ya bar ta ta zagayo da kanta. Kuskuren taki ɗaya ya isa ya ba abokin karawa maki.

An haifi Bryant a 1931 a garin Clevedon da ke Ingila, kuma malamin makaranta ne kafin wasa ya ɗauke shi gaba ɗaya. A wasannin ƙasashe rainon Ingila ya ci zinare na ɗaiɗaiku a Perth a 1962, da Edinburgh a 1970, da Christchurch a 1974, da Edmonton a 1978. In ka lura babu 1966, dalili kuwa ba a saka wasan ba a gasar Jamaika ta wannan shekarar. Wato shekara goma sha shida ba wanda ya ƙwace masa kambun.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne gasar duniya ta fili. Ya ci ta sau uku: Sydney a 1966, Melbourne a 1980, Auckland a 1988. Duk ukun a Ostiraliya da Niyuzilan, inda ciyawa ke da santsi, ƙwallo ta yi ta gudu tana faɗaɗa zagaye, saɓanin filayen Ingila masu laima da nauyi da ya taso a kai. Mutum ya bar ƙasar da hannunsa ya saba da ita ya je ya doke masu gida, wannan ba sa'a ba ce, karatun fili ne. A gasar cikin zaure ma, inda ake wasa a kan shimfiɗa, ya ci sau uku a jere daga 1979 zuwa 1981, daga baya ya haɗu da Tony Allcock suka ci ta bibbiyu sau shida.

Furfurar da ka gani kuwa, ga bayaninta. Wasan ba ya neman huhu ko cinya irin na ƙwallon ƙafa. Abin da yake nema shi ne hannu mai maimaita abu ɗaya ba canji, da zuciyar da ba ta rawa in maki ya matse, da sanin lokacin lallaɓawa da lokacin sakin ƙwallo da ƙarfi a tarwatsa na abokin karawa. Waɗannan shekaru ƙara su suke yi. Bryant yana da 31 a Perth, yana da 56 a Auckland, kuma mutane sun fi tuna shi a durƙushe yana auna fili, lofe a bakinsa. Ya rasu a watan Agustan 2020 yana da shekara 88.