Shekarar da ke jikin kwalbar shampen: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Ina aiki a ɗakin cin abinci na wani otel a Abuja. Baƙi kan tambaye ni me ya sa shampen mai shekara a jikin kwalba ya fi wanda ba shi da ita tsada nesa ba kusa ba. Me zan ce musu?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara da cewa shampen na gaskiya daga yankin Champagne kaɗai yake fitowa, a arewa maso gabashin Faransa, wajajen biranen Reims da Épernay. Wuri ne mai sanyi, inabi ba ya nuna da kyau kowace kaka. Shi ya sa aka saba haɗa giyar shekaru daban-daban don ɗanɗano ya zama ɗaya kullum, irin wannan ba a rubuta masa shekara. In ka ga shekara, to duk inabin a kaka guda aka tsinke shi, kuma kamfanin ya gamsu cewa kakar ta yi albarka. Masana na yawan yabon 1996 da 2002 da 2008 da 2012.

Sauran tsadar kuma daga jira take. Ana zuba sukari da yis a kwalba a toshe, giyar ta sake tsima a ciki, iskar da ta rasa mafita ta zama kumfa. Yis ɗin ya mutu ya kwanta, giyar kuma ta yi ta jan ƙamshinsa, mai kama da na gasasshen burodi da gyaɗa. Doka ta ce mara shekara ya yi aƙalla wata 15 a ajiye, mai shekara kuwa shekara 3. Manyan kwalabe irin su Dom Pérignon sukan haura shekara bakwai a ramukan alli na ƙarƙashin ƙasa kafin su ga kasuwa.

In baƙo mai son tarihi ne, ka ba shi wannan: kamfanin Louis Roederer ya yi shampen mai suna Cristal a 1876 saboda Sarkin Rasha Alexander na Biyu, a farar kwalba mai shafaffen gindi. Dom Pérignon na farko inabin 1921 ne, aka fitar da shi a 1936, da sunan wani malamin coci da ya kula da rumbun giya a ƙauyen Hautvillers da ke yankin Champagne har rasuwarsa a 1715.

Tambaya: Ina so in saya wa abokin kasuwancina Bafaranshe kwalba ɗaya a matsayin kyauta. Yaya zan kauce wa asara?

Amsa: Alhaji, abin da zai cuce ka ba sunan kamfani ba ne, ajiya ce. Shampen na son duhu da sanyin digiri 10 zuwa 12 wanda ba ya hawa da sauka. Kwalbar da ta yi watanni a kanta ƙarƙashin fitila, ko a sito mai zafi inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, ta riga ta mutu ko da takardar jikinta na sheƙi. Zafi yakan dafa giyar, launinta ya yi duhu, kumfar ta tsere. Haske kuma yana sa ta wari irin na dafaffen kabeji, dalilin da ya sa ake naɗe Cristal da leda ruwan ɗorawa ke nan. In an ba ka Cristal ba ledarsa, ka bar shi.

Kafin ka biya, ka shafa wuyan kwalbar. In ka ji danƙo ko ka ga busasshen ɗigo a ƙarƙashin takardar ƙyalli da ta naɗe wuyan, ta yi yoyo. Ka nemi wadda ke cikin kwalinta, ka tambayi mai shagon inda take kwana. Sai ka karanta takardar: dole a ga kalmar Champagne. Brut na nufin sukarin bai kai giram 12 a lita ba, Demi-Sec kuwa yana da giram 32 zuwa 50, mai zaƙi ne sosai. A ganinmu, Brut mai shekara daga amintaccen shago ya fi babban suna da aka yi maka arha a inda ba ka sani ba. Arhar da ta wuce hankali alamar jabu ce ko lalatacce.

Tambaya: Yaya ake buɗewa ba tare da ya fesu ba?

Amsa: A sa kwalbar a bokiti, rabi ƙanƙara rabi ruwa, na minti 20 zuwa 30. Kada a daskarar da mai shekara, sanyi mai yawa na rufe ƙamshinsa. Digiri 10 zuwa 12 ya isa. Matsin iskar ciki ya ninka na tayar mota fiye da sau biyu, don haka da zarar an kwance wayar ƙarfen da ta ɗaure toshiyar, babban yatsa ya zauna a kan toshiyar, kuma kada a auna kowa. A karkata kwalbar, a riƙe toshiyar gam, a juya kwalbar daga gindi a hankali har iskar ta fita da ɗan huci. In aka ji warin jiƙaƙƙen kwali, toshiyar ce ta ɓata giyar, a mayar wa mai shago.

Tambaya: Za mu yi bikin 'yata, ba ma shan giya. Akwai shampen mara giya?

Amsa: Hajiya, babu. Duk abin da ya cancanci sunan Champagne barasa ce, kusan kashi 12 cikin 100. Abin da ake sayarwa da sunan mara giya iri biyu ne. Akwai giyar da aka tsima sannan aka zare mata barasa, ita wannan takan rage ɗan kaɗan, har zuwa kashi 0.5. Akwai kuma ruwan inabi zalla da aka hura wa gas, wanda bai taɓa tsima ba. Na biyun za ki nema: ki juya kwalbar ki duba jerin kayan haɗin, ki tabbata ruwan inabi aka rubuta, ba giyar da aka cire wa barasa ba.