Tambaya da Amsa: Dole ne jagora ya faɗi sunan sihiri kafin a karya shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu biyar muke buga Dungeons & Dragons bugu na 5 (wasan tebur ne da jagora ke ba da labari, kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi guda) duk Asabar, ni ke riƙe da mai sihiri. Makon jiya jagoran wasanmu ya ce, "Bokan ya fara motsa baki," ya ƙi faɗin abin da yake shirin jefowa. Na kashe gurbina (ɗaya daga cikin ƙididdigaggun damar jefa sihiri da nake da su) a kan Counterspell, sihirin karya sihiri, ashe ɗan ƙaramin sihiri ne. Har yau musu muke. Wa ke da gaskiya? Mai karatu daga Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In littafi za a bi, jagoranku bai zalunce ka ba. A littafin dokokin wasan na 2014, Counterspell makari ne na mataki na 3. Sharaɗinsa kawai ka ga mai jefa sihirin yana cikin jifa, kuma kada nisa ya wuce ƙafa 60. Babu inda aka ce sai an faɗa maka suna. In sihirin na mataki na 3 ne ko ƙasa, ya karye nan take. In ya fi haka, sai ka jefa ɗan ludo mai fuska 20, ka haɗa da makin basirarka ta sihiri, jimillar ta kai 10 haɗe da lambar matakin sihirin.

Littafin ƙarin dokoki na Xanathar na 2017 ya ƙara ɗaure zancen. Mai son gane sihirin da ake jefowa sai ya kashe damarsa ta martani (damar yin abu nan take, ko da ba lokacinsa ba ne), ya jefa ɗan ludo, jimillar ta kai 15 haɗe da lambar matakin. Damar kuwa guda ce a kowane zagaye, ita ce kuma makarin yake ci. Ka ga ke nan ba ka iya yin biyun. Sai dai abokinka ya duba ya ƙwala maka kira, in jagora ya amince.

Inda nake tare da kai shi ne nan: jagora ya san duk abin da za ka jefa, domin kai kake faɗa masa da bakinka. In bokayensa kullum sai babban sihirinka suke karyawa, suna ƙyale ƙananan, to da ilimin jagora suke yaƙi, wannan kuwa son kai ne. Ni a teburina kowa cewa yake "zan yi jifa", a dakata, mai makari ya yanke shawara, sannan a faɗi suna. Bokayena ma haka nake yi musu, ko da za su yi asara.

Ku kuma duba wane littafi ke hannunku. Gyaran 2024 ya sauya makarin: wanda aka nufa shi ke jefa ɗan ludo ya haɗa da makin ƙarfin jikinsa, in ya kasa sihirin ya watse amma gurbinsa bai tafi ba. Ranar Asabar, kafin a baza taswira, ku tsayar da wanda za ku bi.