Wane ne Lawrence Colburn?

Malam, ka tambaya ko me ya sa ake tunawa da Lawrence Colburn. Shi ne mai riƙe bindiga a jirgi mai saukar ungulu na sojojin Amurka da Hugh Thompson ya tuƙa ranar 16 ga Maris 1968, lokacin da sojojin Amurka suke karkashe fararen hula a ƙauyen My Lai na Biyetnam. Thompson ya sauke jirgin tsakanin sojojin da mutanen ƙauyen, shi kuwa Colburn, yana ɗan shekara 18, ya tsaya da bindigarsa yana kāre mutanen ƙauyen har aka kwashe su. Abin da ke ci mini rai shi ne sai a 1998 aka karrama shi da Thompson. Colburn ya rasu a Disamba 2016.